Tarihin Dakta Haula Maccido, Wadda Ta Jira Haske Ya Dushe

An haifi Dakta Haula Maccido a garin Illela a shekarar 1967. Mahaifinta shi ne Alhaji Maccido Dabo, falken albasa da ke safara tsakanin Illela da Ƙonni, mahaifiyarta kuwa Hajiya Safiyyatu ce, 'yar mutanen Amarawa.

Karatu da Aure

Ta fara da makarantar allo, ta shiga firamare a 1974, ta yi sakandaren 'yan mata a Sakkwato, sannan ta kammala digiri a fannin Fiziks a 1990. A shekara mai bi mata aka ɗaura mata aure da Malam Sharafaddeen, malamin Islamiyya, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa tare mata hanya ba. Ta yi shekaru tana koyarwa a jami'a, kafin ta tafi Afirka ta Kudu, inda ta sami digirin digirgir a ilmin sararin samaniya a 2004. Da ta dawo, fatake suka riƙa sallama a ƙofar gidanta, wai ta duba musu taurari ta faɗi ranar sa'ar ƙetare iyaka da kaya. Wannan abu ya ƙona mata rai matuƙa, kuma babu wanda ya kuskura ya zo sau biyu.

Bincike

Aikinta shi ne rarraba hasken gungun taurari masu nisa, yadda ruwa ke rarraba hasken rana ya zama bakan gizo, domin a gane sinadaran da ke ciki. A 2012 ta tarar da wani gungu da alamar ƙarfe ta yi tsiri a layin awon haskensa fiye da kima, abin da da wuya a gani. Ta bayyana cewa wani tauraro ne ya kusanci baƙin ramin da ke tsakiyar gungun, wato wuri mai tsananin ƙarfin jan duk abin da ya raɓe shi, ramin ya yayyage shi, walƙiyar kuma ta haska iskar da ke kewaye. Manyan masana suka musa, suka ce rami ne irin wanda aka saba gani, mai ci kullum, kuma haskensa zai dawwama. Haula ba mai janye magana ba ce. Ta tsaya gaban taro ta ce nan da shekara goma alamar za ta gushe, in kuwa ba ta gushe ba, a jefar da bincikenta kaf. Sunanta da aikin rayuwarta suka rataya a kan wannan furuci.

Ƙarshen Rayuwa

A 2019 ciwon suga ya tafi da ganinta, ta ajiye aiki ta koma Illela. Sai a 2023 aka sami damar sake auna gungun da babbar na'urar hangen nesa, kuma 'yarta Lubabatu, wadda ta gaje ta a fannin, ita ta kawo sakamakon gida da hantsi. Ta buɗe kwamfuta a gefen tabarmar uwar, ta fuskanci inda tsirin yake a da.

"Mi kig gani, Luba?" in ji Haula.

"Inna, babu komi. Layin ya kwanta sumul."

"Alhamdu lillahi. Shi ni ka jira."

Duk wanda ke gidan ya shaida irin farin cikinta, don ranar har tuwo ta nemi ƙari.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Alhamis a watan Sha'aban na 1445, daidai da Fabrairun 2024, tana da shekara hamsin da shida. Malam Sharafaddeen da kansa ya jagoranci sallar jana'izarta bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar Illela. Ta bar 'ya'ya uku: Abdulaziz, ɗan kasuwa a Ƙonni, Jabir, malamin Islamiyya kamar mahaifinsa, da Dakta Lubabatu, wadda ta wallafa sakamakon bayan rasuwar, da sunan mahaifiyarta a farko. Allah ya haskaka kabarinta.