Malam Iliyasu, Sun Ƙona Bututun

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Yuni, Allah ya karɓi ran Malam Iliyasu Achida bayan jinyar wata biyu. Aka binne shi a Wurno da la'asar.

Malam, shekara tara muna aiki tare a ɗakin gwaji, a kan na'urar da ke gano guba a ruwa da abinci. Kai kaɗai ka iya saka mata bututunta, siririn abin nan kamar gashin doki, mai mita talatin a nannaɗe. Kakan yanke bakinsa da ɗan tangaran, ka duba da gilashin ƙara girma, in bai daidaita ba ka sake. Ranar da na kai hannu zan kunna zafi, ka riƙe ni ka ce, "Sa'adiya, bari iska ta ratsa shi tukuna. In kinka yi gaugawa, toyewa za shi yi." Ba ka taɓa faɗa wa kowa kuskurena ba.

Sau uku ka rubuta a ba ka dama ka koyar da mu sosai. Shugaban sashe ya ce wannan aikin kafinta ne, ba na masu digiri ba.

To kana kwance, Ƙasimu, wani manomin albasa daga Rimawa, ya kawo ruwan rijiyarsu, don yaransa na ta ciwon ciki kuma yana zargin maganin feshi. Ka aiko daga asibiti cewa a ba sabon bututun da ka saka kafin ka kwanta yini guda iska na ratsa shi. Shugaba yana da baƙin da zai nuna wa na'ura, ya ce a gama gwajin ruwan kafin azahar. Na ce ba a buɗe iska ba, ya daka mini tsawa. Ya kunna da hannunsa. Bututun ya ƙone, kuma shi kaɗai gare mu. Wallahi har yau raina a ɓace yake, da Shugaba da kaina da ban hana shi ba.

Ƙasimu ya zo gaisuwarka. Ya ja ni gefe ya ce, "Malama, mi anka gani cikin ruwan namu?" Ga shi har yau ba a gwada ruwan ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba matarka Hajiya Larai da 'ya'yanka haƙuri. Ya kuma tsare yaran Ƙasimu, don har yau rijiyar nan suke sha. Amin.