Ranar da Bindigar Kawu Ta Ƙi Tashi

Shekarar da na koma gida noman rani, wani gyado, aladen daji, ya addabi fadamarmu ta wajen Kagara. Ya tone dankali, ya bi ta kan albasa kamar an shiga da garma. Kawuna, ƙanin innata, shi ne mai bindiga a danginmu. Tsohuwa ce, irin wadda ake jan sakatarta baya a tura harsashi ɗaya.

Da hantsi munka bi sawu, ni da gatari, shi da bindiga, karensa ja a gaba. Munka iske dabbar cikin wani kwari mai laka kusa da gulbi. Ƙato ne, haurensa sun lanƙwashe sama, ɗaya ya guntule. Kawu ya durƙusa, ya auna, ya ja kunama.

Ƙyas. Shi ke nan abin da munka ji.

"Kawu, mi ya faru?"

"Yi shiru. Wani harsashin jinkiri yakai."

Ya riƙe ta a saiti, bai motsa ba. Kare ne bai jira ba. Ya faɗa wa gyadon, shi ko ya sa haure ya ɗaga shi sama, ya farke mai ciki. Na ga hanji a kan laka, karen na jan jiki yana kuka. Kawu ya ja sakata, harsashin ya faɗo, ya tura wani. Ƙyas kuma.

Kafin ya miƙe gyadon ya iso. Ya buge shi rigingine, ya soke shi a cinya ya yage har kusa da gwiwa. Kawu na dukan hancinsa da gindin bindiga, yana salati. Ban san sa'ad da na isa ba. Saran farko ya zame a kafaɗa, na biyu ya shiga bayan kunne, na ji ƙashi ya fashe. Bai faɗi ba. Ya juyo kaina, jini na zuba ta bakinsa, na yi ta sara har hannuna ya mutu, har bayan ya daina motsi.

Na ɗaure cinyar da rawanin kawu. Masu kamun kifi sunka ji ihuna, sunka taimaka munka kai shi bakin hanya, mota ta kai mu asibiti Goronyo. Karen kuwa wani daga cikinsu ya ƙarasa shi da sanda, don ba ya tashi.

Bayan an sallamo kawu, yana kwance a zaure, ya ce in kawo bindigar da harsasan nan biyu, wanda na koma na tsinto a laka da wanda na ciro cikin bindigar.

"Duba gindinsu, ɗana. Mi ka gani?"

"Ɗan tabo kaɗan, kawu."

"In harsashi ne ya sha danshi, ramin zai yi zurfi. Wanga allura ce ba ta kai ba."

Ya nuna mani yadda ake kwance sakatar. Ciki tsohon mai ya haɗu da ƙura ya daskare kamar ƙaro, ya riƙe allurar da ke bugun harsashi. Na jiƙa da kananzir, na goge da tsumma, na mayar.

Ya matsa sai an gwada. Munka ɗauke shi a amalanke zuwa bayan gari. Ya sa ɗaya daga harsasan da sunka ƙi tashi, ya auna gindin wani tsohon suri. Ƙarar ta watsa tsuntsaye, ƙasa ta yi sama.

Ya daɗe yana kallon ramin da harsashin ya yi. Sannan ya miƙo mani ita, ya ce in tura amalanke, rana ta yi zafi kuma ɗinkin cinyar na ja mai.