Kaset ɗin Nabawiyya

A zamanin da mazan unguwar Shubra ta Masar suka watse neman abinci a Iraƙi da Kuwaiti, shagon Ammu Rizik, wato Baffa Rizik, ne gidan wayarmu. Mace za ta zo da yaranta, ta zauna gaban rakoda, ta amayar da kewa da ƙorafi a kaset ɗin da za a aika wa mijinta, shi kuma yana kurɓar shayi kamar ba ya ji. Amma Rizik ba ya iya ganin kaset da fili. Gaban kaset sai ya kwafa waƙoƙin da ake yayi, saƙon ya koma baya. Babu wanda ya taɓa kiran wannan sata, har shi kansa. Kai, an ji daɗin lokacin nan.

Sai ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya kan haƙƙin mawaƙa da marubuta, Masar ta sa hannu. Mawaƙa sun ci guminsu, ba mu ƙi ba. Rizik dai ya ce wannan hirar manya ce, ba za ta shigo lungunmu ba.

Ta shigo, wata ranar Talata da hantsi, da buhu a hannu. Jami'an gwamnati suka kwashe duk kaset ɗin da aka kwafa, har da wani tsoho da ke cikin rakoda. A kansa ne muryar marigayiya matarsa Nabawiyya take, tana yi masa faɗa a kan shan taba tana dariya. Ita kaɗai ce muryarta da ta rage a duniya.

Rizik ya kama bakin buhun, ya yi wa shugabansu bayani.

"Yallaɓai, rabi na mawaƙi ne, ban musa ba. Rabin kuwa nawa ne."

Mutumin ya dube shi, tausayi ya kama shi.

"To Baba, goge waƙar a gabana, ka riƙe hajiyarka."

Rizik ya yi ta zuba godiya. Hannunsa ya yi abin da ya saba tun yana saurayi: ya saka gaban kaset, ya danna, ya goge shi tas. Sannan ya juya bayan don jami'in ya ji da kunnensa.

Kiɗa ne ya tashi.

A lokacin ya tuna. Ranar da aka ɗauki wannan kaset, Nabawiyya ta rantse ba za a sa ta a bayan wani mawaƙi ba, shi kuwa ya bi ta, ya sa muryarta a gaba.

Jami'in ya juya. Ya fita da buhunsa, ya bar masa waƙar.