Mai Nonon da Ke Ɓoye Murfin Kwano

A gaban rumfar Hadassah mai doya, cikin Kasuwar Kure, 'yan dako biyu, Sadisu da Josiah, suna ta musu: matuƙan jiragen yaƙinmu suka fi iya saiti, ko na maƙwabtanmu? Sadisu yana cewa, "Namu ko kaza suka auna daga sama, ba sa kuskure."

Hankalin Hadassah kuwa yana kan wata baƙuwar mai nono, doguwa, ramammiya, da tabon ƙuna daga kunne har wuya. Tun kafin kowa ya ji ƙarar jirgi, matar ta ɗaga kai. Ta fizge murfin kwanonta mai ƙyalli ta cusa cikin zani, ta zare jiki daga cikin mutane, ta tsuguna gindin katanga ita kaɗai. Ba a gari ake koyon wannan ba, sai dai a rugar da aka taɓa hangowa daga sama.

Jirgin ya wuce. Josiah ya yi dariya ya ce, "Inna, tashi, ai namu ne."

Ba ta tashi ba. Ta ce, "Ranar ma haka aka ce mana."