Mai Ƙanƙara da Firizan da Aka Ce Babu

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Yuni, a shekarar da aka ja wutar lantarki zuwa unguwarsu, ta fara ganinsa. A layin masu neman a sa musu mita ne. Tana riƙe da takardun gidan mahaifinta, shi kuma yana gabanta, yana gaya wa duk mai kunne cewa injiniyan da ya ja wayar abokinsa ne. Da layi ya zo kansa, ma'aikaci ya tambaye shi lambar gidansa, sai ya ce ai shi rakiya ya yi. Ta yi dariya har ya juyo. Kafin shekara ta zagayo sun yi aure.

Sana'arsa dillancin kayan wuta na hannu. Abokan kasuwa suka laƙa masa suna Manaja don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har ya sa aka rubuta masa a jikin babur. Ba mugun mutum ba ne. Abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa, a ce ba shi da shi.

Ita kuma da firiza ɗaya ta fara, a lungun kicin. Ta ɗura ruwa a leda, ta ɗaure baki, ta jera a tsaye, da safe ta kai wa masu lemo da masu kifi. Sanyi ya ci yatsunta har suka yi kanta. Ba a jima ba kowa ya koma kiranta Mai Ƙanƙara, har surukarta.

Damuwar ita ce wuta ba ta zama a layinsu. Saboda haka duk lokacin da ciniki ya kai a ƙara firiza, sai Manaja ya samo, ya kai gidan wani da ke kan layin da ba a cika ɗaukewa ba. Fari mai lanƙwasasshen murfi yana gidan yayarsa. Dogo yana shagon mai aski. Ɗaya yana ɗakin ajiyar wani tela, na ƙarshe kuma a gidan amininsa direba. Kowane mai masauki an bar masa kusurwa ya sa nasa kayan. Kullum da safe ta zagaya da baro, ta kwashe, ta sake jerawa. Haka ta yi har 'ya'yansu biyu suka girma. Ba ta taɓa tambayar rasit ba, tunda dillalin yana kwana a ɗakinta.

Ba wani babban abu ne ya raba su ba. Ƙananan ne suka taru, na ƙarshensu kuwa allon shago. Ta kama shago, ya ce sai dai a rubuta sunansa a sama. Ta ce wannan karon a'a. Magana ta ja magana, aure ya mutu, ta koma ɗaki ɗaya a gidan wanta.

Washegari ta tura baronta gidan yayarsa kamar kullum, sai ta tarar da kwaɗo a murfin firiza.

"Yaya, ina mabuɗi?"

"Wane mabuɗi kuma? Wannan ai nawa ne, ƙanena ya ba ni tun tuni."

Sauran wuraren ma kwaɗo ta tarar. Mai aski ya ɓoye fuska a bayan kan wanda yake yi wa aski. Tela ya ce ba ya shiga maganar miji da mata. Matar direba ko ƙofa ba ta buɗe ba. Ba firiza, ba sana'a. Masu kifi suka yi mata haƙuri na ɗan lokaci, daga nan suka fara saye a wani wuri.

Wanta ne ya raka ta kotu. Roƙonta gajere ne: a sa shi ya faɗi abin da suka mallaka tare, da inda kowanne yake.

Ranar zama Manaja ya zo da wata koɗaɗɗiyar riga da silifas. Abokansa ne suka ba shi shawarar ya zo a matsayin talaka, suka kuma biyo shi, suka cika benci guda a baya. Ta lura yana ta jan hannun rigar yana rufe inda agogonsa ya saba zama.

Alƙali ya ce, "Malam, faɗa mana abin da kuka mallaka."

Ya amsa ƙasa-ƙasa: gado, kujeru, da firiza ɗaya a kicin wanda ya daɗe da mutuwa.

"Sauran huɗun da ta ambata fa?"

"Na mutane ne, ranka ya daɗe. Aro muke yi."

Yayarsa ta tashi ta ce farin nata ne. Alƙali ya juyo wurin Mai Ƙanƙara ya tambaye ta ko tana da takarda ko shaida. Ba ta da ko ɗaya. Shaidunta su ne masu kwaɗon. Ta dubi yatsunta. Ba dabara ta shirya ba, gajiya ce ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, in ya ce babu, to babu. A bar masa gadon da kujerun, har da mataccen firizan. Bawan Allah ne da bai taɓa mallakar komai ba. Ya fi ni buƙata."

Wani a bencin baya ya ce, "Ayya, Manaja," wani ya danne dariya da tari.

Manaja ya miƙe tsaye. "Wa ya ce ban taɓa mallakar komai ba? Ni?"

Yayarsa ta ja gefen rigarsa. "Kai, zauna mana."

"Bar ni, Yaya. Farin da ke gidanki wa ya kawo shi? Ke ko fanka kin taɓa saya? Dogon da ke wurin mai aski, ni na yi cinikinsa da bakina. Na wurin tela, sabo fil a kwalinsa na ɗauko. Na gidan direba ma, a tambaye shi, ga shi can zaune. Duk namu ne, ni da ita. A garin nan wa yake da firiza biyar?"

Direba ya sunkuyar da kai. Alƙali ya jira har ya gama, sannan ya ce wa magatakarda ya karanta masa abin da ya faɗa. Aka karanta ɗaya bayan ɗaya, da launi da inda kowanne yake.

"Haka ne, Malam?"

Manaja ya waiga benci, ya ga duk idanu suna kansa. Ya gyara wuyan koɗaɗɗiyar rigar.

"Haka ne. Kuma a rubuta cewa dogon babu irinsa a kasuwa yanzu."

Aka rubuta. A zama na gaba aka raba: ita ta sami dogon da na wurin tela, shi ya riƙe sauran. Ranar da aka je ɗauka, mai aski da kansa ya kama mata aka ɗora a mota, yana ta cewa shi dama can bai so aka sa kwaɗo ba.

Ta sa su a shagonta, a kan layin da wuta ke zama. Wasu daga cikin masu kifi sun dawo, wasu ba su dawo ba. Bayan shekara biyu ta ƙara na uku, ta ajiye rasit ɗinsa. Allon shagon har yau babu suna, hoton ƙanƙara kawai aka zana. Da ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunta, 'yarta ta karɓi ɗaurin leda, ita kuma tana zama a bakin ƙofa tana sallamar masu saye. Ba ta sake aure ba. Manaja ya sayar da nasa, ya ci gaba da dillanci. Yakan bi ta gaban shagon a kan babur, kuma an sha jin sa yana gaya wa mutane cewa shi ya kafa ta.