Filtar da Ta Hana 'Yata Zuwa Gida

Ranar da 'yata ta shigo da shi cikin leda mai ruwa na zaci kifi ne, sai na ga ƙafafu, har da 'yan yatsu. Jikinsa ruwan hoda, gefen kansa wasu abubuwa kamar gashin tsuntsu suna lilo, bakin nan a wage kamar mai murmushi. Na ce mene ne wannan kuma? Ta ce Turawa na ce masa aksolotil, Larabawa kuma ifiritun ruwa. Na yi a'uziyya. Babanta ya yi dariya ya ce yarinya ta gama sakandare da sakamako mai kyau, a bar ta da abinta.

Ita ce 'yar farina, a nan Riyad na haife ta, a gidanmu na unguwar Shifa. Yadda aka tashe ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma "Yumma" take ce mini irin na 'ya'yan Larabawa, in na yi mata Hausa ta amsa da Larabci a gajarce. Mun saba da haka.

Wata hantsi ina shara a ƙofar ɗakinta na ji murya ƙasa-ƙasa. "Zo mana ɗan lelena. Wa ya taɓa min kai? Ci ko kaɗan ne." Na leƙa. Tana durƙushe gaban akwatin gilashin, tana miƙa masa 'yar tsutsa da ɗan hantsaki. Da Hausa take lallashinsa, Hausa tsantsa, wadda ban san tana da ita ba. Na daɗe tsaye da tsintsiya a hannu. Ni da na shayar da ita ban taɓa samun jimla uku a jere ba, ga abin da ko kunne ban ga yana da shi ba ana ta zuba masa.

Daga nan komai nasa ya fara tsaya mini a rai. Ba ya son zafi, don haka na'urar sanyaya ɗakinta ba a kashe ta. Aka kwashe zoɓona da kunun ayata daga firiza aka jera gorunan ruwa, wai in sun daskare a jefa masa. 

Da zafi ya shigo sai filtarsa ta fara gurnani, wato ɗan injin da ke tace masa ruwa. Ruwan Riyad yana barin farin gishiri a jikin komai, kamar yadda yake yi wa butar shayi, shi ya cushe ta. Babanta, da yake ba ya son ganin ranta a ɓace, ya biya kasuwa daga wurin aikinsa a Sana'iyya ta Biyu, unguwar masana'antu, ya sayo sabuwa, wadda ta fi kowacce girma. Tana wurin ƙawarta ya haɗa mata, ya jefar da tsohuwar da sosonta a shara.

Sabuwar ta cika ƙarfi. Ruwa ya riƙa wujijjiga shi, ya maƙale a lungu, gashin kansa ya lanƙwashe. Ta ɗaure bakin filtar da safa, aka samu sauƙi. Bayan 'yan kwanaki kuma ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, ya daina cin abinci. Ta ɗebi ruwan a 'yar kwalba ta ɗiga magani, ya koma kore. Babanta ta yi wa bayani, ni ina gefe ina tsinta: a cikin tsohon soson nan akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar kashinsa. An zubar da su. Kafin su sake hayayyafa sai an yi makonni, kullum ana rage ruwa ana zuba sabo.

A daidai lokacin muke shirin tafiya gida ni da ita. Mahaifiyata ta tsufa, idonta ya fara dushewa, duk wayar da za mu yi sai ta ce a kawo mata jikarta. An buga mana bizar fita da dawowa, na sayi dabino da turare a kasuwar Utaiƙa, akwatuna a buɗe a falo.

Babanta ya ce, "Ku tafi, ni zan kula da wannan ƙadangaren naki."

Ta ce, "Kai da ka jefar da soso, Baba? Ka fita da asuba, ka dawo ka tarar an gama masa."

Sai na shiga aikin ruwan da kaina, ba don ina son sa ba, don ruwan ya yi saurin gyaruwa. A zafin Riyad famfon sanyi tafasasshen ruwa yake kawowa daga tankin saman rufi, don haka mukan kashe hitar ɗumama ruwa mu riƙa tarar ruwa ta famfon zafi, shi ya fi sanyi. Ni ke cika bokitai, ita ta ɗiga maganin da ke kashe kaifin ruwan famfo, a bar su su huce a ɗakinta. Kowace safiya idona na kan 'yar kwalbar nan. Rawaya ake nema. Kullum kore, sai dai ya ɗan yi haske.

Ana saura kwanaki kaɗan mu tashi, ina riƙe mata bakin tiyo a bokiti tana zuƙe dattin ƙasan akwatin, sai ta ce, ba ta dube ni ba, kuma da Hausa, "Yumma, in ban je ba fa?"

Na ce, "Kakarki ce ke son ganinki."

"Na sani. Ke fa?"

Ruwa yana ta zuba a bokiti. Amsar tana bakina. A gida da wuya a kai ga wannan tambaya, domin abin da uwa ta rufe, kaka da goggo da inna su ke faɗa a madadinta, su goya, su kira suna, su ce uwarki fa tana ji da ke. A Shifa babu su. Bangon ɗaki ne, da ni, da ita. 

Na ce, "Kula, bokitin zai cika."

Ta toshe tiyon da yatsa. Ta juya ga gilashin ta ce, "Kar ka damu ɗan lelena, ina nan."

Ni kaɗai na hau jirgi.

A gida, bayan sallar la'asar nakan kira ta ta bidiyo in miƙa wa tsohuwa wayar. Mahaifiyata ta kafa fuska dab da gilashin wayar, ta kira ta da sunanta sau biyu sau uku, ta ce, "Ke ja'ira, mijin naki na ruwa ya hana ki zuwa ko? Nuna min shi in ga ko ya isa." Yarinyar nan ta tuntsire da dariya, ta juya wayar. Ruwan ya washe, yana tafe a hankali da gashinsa a buɗe. Su yi ta hira, jika da kaka, ya ci ko bai ci ba, kwalba ta yi rawaya ko da saura. Ni ina gefen tabarma ina tsince wake, ina jin kowace kalma. In sun gama tsohuwa ta ce, "Ga uwarki." Sai in ce a gaishe ta kawai, hannuna da aiki.