Waken Baba a Saman Gida

Da Baba ya daina tuƙin motar alhazai, sai ya koma shuka a saman gidanmu na unguwar Misfala a Makka, cikin gwangwanayen man girki. Wake iri biyu ya shuka: wanda Inna ta sayo a kanti, da wanda wani alhaji ya kawo masa tsaraba daga Damagaram.

A wani aikin Hajji duk muka watse neman na kai, shi ma abokansa suka ja shi unguwar Aziziyya. Kwana shida babu wanda ya hau sama. Da muka dawo, waken kanti ya bushe ƙamas, na Damagaram kuwa ya lanƙwashe ganye kawai. Aka ba shi ruwa, washegari ya miƙe.

Baba ya kira ƙanwata, wadda ke karatun tsirrai a jami'a. Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, don haka ni ce tafinta.

"Ƙasa ɗaya, rana ɗaya," in ji shi. "Me ya raba su?"

Ta ce akwai ƙwayoyin gado a jikin tsiro waɗanda ƙishirwa ke tayarwa. In saiwa ta ji ƙasa ta bushe, sai ta aika saƙo, ganye ya rufe ƙananan ƙofofin da ruwa ke fita. Wani irin yakan yi saurin rufewa, wani sai ya makara.

"To gishiri fa? Ruwan rijiyar wajen gari ai zartsi ne."

"Gwada mu gani, Baba," in ji ta.

Ya yi ta zuba cokalin gishiri a ruwan ban shukar. Cikin mako biyu ganyen ya yi rawaya, ya zube. Na zaci zai ji haushi, amma tambaya ya ƙara. Ƙanwata ta ce jure gishiri na buƙatar ƙarin wasu ƙwayoyin, masu tura gishirin waje ko su killace shi a wani lungu na jikin tsiron. Ta ce a bakin teku akwai itacen da ke fitar da shi ta ganye.

Ranar Juma'a ya sa yayanmu ya kai mu gaɓar teku, kudu da Jidda. Ya naɗe wando, ya shiga taɓo, ya tsinko ganyen itacen ya lasa. Sannan ya miƙo mini.

"Lasa ki ji. Kamar an barbaɗa gishiri."

Na lasa. Har muka iso Makka yana tambayar ƙanwata ko za a iya sa wa wake irin wannan halin, ita tana cewa ana kan gwadawa, ni ina fassarawa.